Yaya Asabe da Goyon Gaba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Asabe, wadda muke ciki ɗaya. Da na iya rubutu a lokacin, da tuni na yi wannan. To ban iya ba. Sai bayan ta tafi na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu a nan Kontagora, da furfurata da ciwon gwiwata. Da tana raye na san abin da za ta ce: "Ke Ladi, me takarda za ta gaya miki wanda kunnenki bai ji ba?" Haka take. Ba ta ƙaunar sabon abu. An taɓa saya mata risho, ya shekara a ɗaki tana ɗora kwanon goro a kai, wai tuwon da bai sha hayaƙi ba bai dahu ba.

Abin da ya tayar min da ita, kwanakin baya na raka wata jikata awon ciki. Ina neman wurin alwala na ɓata hanya, na faɗa wani ɗaki. Mata ne a jere a kan gadaje, kowace ta jingina da filo, kowace da jariri ɗaure a ƙirji, ba ka ganin komai sai 'yar hula. A can ƙarshe ga wani ƙato mai gemu, ba riga, shi ma da nasa, yana danna waya da hannu ɗaya, ko a jikinsa. Na tsaya na saki baki har wata ma'aikaciya ta ce, "Mama, dubiya kika zo?" Na ce a'a, kallo na zo. A raina kuwa cewa nake, ina ma Yaya za ta leƙo ta ga wannan. Tsaki za ta ja, ko cewa za ta yi ai ita ta fara? Wallahi ban sani ba, kuma tun ranar tambayar ta ƙi barina.

Shekara biyu kafin rasuwarta, 'yarta Hanne ta yi cikin fari. Mijin Hanne sunansa Ɗanjuma, mutumin Dukku, birkila ne, ga jiki, ga rashin magana. Yaya ta tanadi komai na jego tun ciki bai yi nisa ba: itacen wanka an jibge a bayan ɗaki, ga tukunya, ga kanwa, ga gero, ga yaji. Abin da ba ta tanada ba shi ne yaron ya zo a wata bakwai. Tsakiyar marka ce, irin ruwan nan da ke wuni yana yayyafi, shanya ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa.

Na ga jarirai a rayuwata, amma da aka nuna min wannan sai da na ja da baya. Fata ja kamar ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba, kai kamar lemo, hannu kamar tsinken tsire. Kukan ma sai ka kasa kunne. Asibitin suna da kwalbar da ake sa bakwaini, amma akwai waɗanda suka fi shi buƙata a ciki, shi kuwa an ce yana numfashi da kansa. Sai ga wata nas, Sista Rifkatu, 'yar wajen Auna, doguwa mai wushirya, ta zo da zani a hannu ta ce Hanne ta cire riga.

Yaya ta ce, "A cire riga a yi me?"

Sista ta ce za a kwantar da shi a tsakanin nonon uwarsa, fata na taɓa fata, daga shi sai hula da famfas, a ɗaure da zani. Ba saukewa, ko barci za ta yi sai dai a jingine. Ba wanka, sai goge jiki. Nono kuma a tatsa a ba shi da ɗan kofi, tunda bai da ƙarfin tsotso. Ta ce yaro irin wannan ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, sanyi ne babban maƙiyinsa.

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, kin haihu?"

"Uku, Mama."

"A gaba kika goya su?"

"Nawa sun cika watanninsu, Mama."

"To ji nan. Mutum a baya yake goyo, biri ne ke yi a gaba. Na biyu kuma, wannan ɗan fari ne."

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In za ta ba shi nono sai ta kau da kai, kamar ɗan wata aka ba ta riƙo. Kaka ce ke da shi. A kan haka Yaya ta raini Hanne, Hanne kuma ta riƙe da hannu biyu. Tun da ta haihu ba ta dubi gefen da yaron yake ba, sai in ta ga ba mai ganinta.

Sista ba ta tsaya musu ba. Ta ce, "To Mama, ni dai ƙirji nake nema mai ɗumi. Na uwa ya fi, amma in da wani a kawo." Yaya ta yaye mayafi ta ce, "Ga shi."

Kada wani ya ce ta yarda da maganar asibiti ne. Ba ta yarda ba. Ta yi ne don kada dangin miji su ce 'yarta ba ta da kunya. Yaya mace ce mai jiki, ƙirjin nan kamar buhun masara. Sista ta kwantar da shi, ta buɗe 'yan ƙafafun kamar na kwaɗo, ta juya kansa gefe don hanci ya samu iska, ta ɗaure. Yaya ta leƙa cikin zani ta ce, "Kai! Wannan ne angon nawa? Duk mazan garin nan a rasa wanda za a ba ni sai wannan?" Daga nan sunan ya bi shi, angon Yaya.

Da aka sallame mu muka koma gidan Yaya, inda Hanne za ta yi wankan jego. Aiki ya rabu. Hanne wanka safe da yamma da ruwa mai tururi da ganyen darbejiya, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. In ta tatsi nono a bayan labule, hannu kawai za ka gani ya miƙo kofi. Ni girki da karɓar 'yan barka, in Yaya za ta yi sallah ko ta zaga kuma in karɓi ango, duk da nawa ƙirjin bai da maraba da allo. Ita kuwa tana zaune kamar kaza a kan ƙwai, tana mita: bayanta ya ƙage, ango ya cika yaƙushi, asibiti sun mai da ita gado. 'Yan barka su ce a kwance su gani, ta ce, "Kun ga hula, ta ishe ku." Ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, ta ce ya je ya dawo in yaron ya yi kan da za a aske. Yaya fa, wadda ko jego na akuya ba ta yarda a tsallake wani abu. Har yau ina mamakin wannan.

Wata rana ta ce, "Ladi, zo ki ga ikon Allah. Angon nan yakan manta da numfashi. In na ji ya yi shiru sai in ja nawa da ƙarfi, sai ya biyo ni." Na ce to kin ga amfanin goyon biri. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Ana cikin haka markar nan ta kayar da mu, ni da Yaya, mura da tari, da ma kwano ɗaya muke ci. Sista kuwa ta riga ta ja mana kunne, mai tari ko zazzaɓi kada ya ɗaura yaro. Kuma a ranar gida cike yake. Uwar Ɗanjuma da ƙannenta sun zo daga Dukku da dawa da kaji, sun baje a ɗakin mai jego za su kwana biyu. Wa zai ce Hanne ta ɗauki ɗan fari ta manna a ƙirji a gaban uwar mijinta? Yaya ta ce a yi yadda aka saba kafin baƙi su tafi. Aka ɗauko masaki, aka shimfiɗa auduga, aka naɗe shi a ciki, aka ajiye kaskon garwashi a gefe. Haka muka tashi muka ga ana yi wa bakwaini. Ba mugunta ba ce, iyakar saninmu ke nan.

Bayan azahar na rufe bakina da mayafi na kawo masa kofin nono. Ya ƙi haɗiya, nonon ya dalalo ta gefen baki. Na sa hannu cikin audugar. Auduga da ɗuminta, ƙafar yaro kuwa kamar daga randa aka tsamo ta. Na kira Yaya. Ta taɓa. Ta daɗe riƙe da 'yar ƙafar nan, sannan ta ce, ba ma da ni take ba, "Haka ta wancan ta yi."

Wancan ɗin, ina 'yar yarinya aka yi shi. Haihuwar Yaya ta fari bakwaini ne, namiji. Innarmu ta sa shi a masaki da auduga, Yaya tana can kan gadon wuta tana kunya, ban taɓa ganin ta ɗauke shi ba. Bai kai suna ba. Tun daga nan ko sau ɗaya ba ta yi zancensa ba, har na ɗauka ta manta. Ashe ta taɓa ƙafarsa. Yaushe? Wa ya fita daga ɗakin har ta samu ta saci taɓawa? Ban tambaya ba a ranar, daga baya kuma bakina ya yi nauyi.

Ta miƙe, ta ɗaga labule ta ce, "Hanne, tuɓe riga."

Hanne ta sunkuyar da kai. "Inna, da mutane fa."

"Na gan su, ba makauniya ba ce ni. Ni na koya miki kunyar nan, ni kuma na ce ki ajiye ta. In ya yi ƙwari kya ɗauki abarki."

Sai uwar Ɗanjuma ta gyara zama, da Hausarta ta mutanen Dukku, ta ce, "Au, da ma don mu ne? Mu a gidanmu ba mu yin wannan. Tun da na zo nake mamaki, ga uwa, ga nono, ga yaro a ƙwarya kamar fura. Na ce ko yayin birni ne, na kama bakina."

Yaya ta ce, "Shi ne ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ke kin tambaya?"

Jama'a, kun ji fa. Mu muna jin kunyarsu, su suna jin kunyarmu, yaro yana sanyi a tsakani.

Uwar Ɗanjuma da hannunta ta ɗaura wa Hanne, Yaya na faɗa mata yadda ake yi daga bakin ƙofa. Hanne na hawaye, ban san na kunya ne ko na wani abu ba. Jikinta kuwa zafi rau, ta sha wanka ta sha gadon wuta. Yaya ta ce ba wanda zai zauna jira, a tsayar da keke a tafi asibiti. Haka Hanne ta ratsa gari da ɗan fari a ƙirji a ƙarƙashin hijabi. Kafin mu isa na zura hannu na ji ƙafar ta fara dawowa. Sista ta duba shi, ta ce sai sun kwana a wurinta, sannan ta juyo ta riƙe ƙugu. "Mama, masaki? Ke da kanki?" Yaya ta ce, "Yi faɗanki, 'yar nan, yau ranarki ce." A iya sanina, ba ta taɓa zuwa kusa da ba wani haƙuri kamar wannan ba.

Da suka dawo gida sai wata rigimar ta taso. Yaya ta saki kunyar ɗan fari, amma wankan jego ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta saki ba. To in Hanne ta shiga wanka wa zai riƙe ango? Baƙi sun koma gona, mu tari bai sake mu ba. Ta ce in kira mata Ɗanjuma. Shi kuwa irin surukin nan ne da ke tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa, ko ruwa bai taɓa sha a gidan ba. Ya zo ya tsuguna. Ta ce ya cire riga. Mutumin nan da ke ɗaga bulo kamar curin fura, sai ga zufa na keto masa. Ya ce, "Inna..."

Yaya ta ja kujerarta ta fuskanci bango. "Ba na ganinka. Ladi, ya cire?"

"Ya cire."

"Ya wanke hannu da ƙirjin? Kada ya shafa wa angona siminti."

"Ya wanke."

"Da gashi?"

"Kamar gonar da ba a nome ba."

"To, Allah ya kyauta. Ki ce ya juya kan yaron gefe."

Haka aka ɗaura masa, suruka na kallon bango tana ba da umarni, shi yana zaune ƙiƙam yana tsoron ya ja numfashi. Daga nan kullum kafin ya tafi aiki da bayan ya taso sai ya zo ya karɓa. Abokan aikinsa suka sa masa suna mai jego. Yaya kuwa har aka gama ba ta yarda ta ga ƙirjin surukinta ba, bango ya sha kallo. A haka yaron ya cika, ya fara tsotso da kansa, wata rana ya dinga harbi da ƙafa yana ƙin zanin, Sista ta ce to, ya ce ya gaji da ku, ku sauke shi.

Yanzu da na iya karatu nake bin abin da tambaya. Jikata ta nuna min a waya dabbar da aka ce daga gare ta aka samo sunan wannan goyo, wata mai tsalle ta wata ƙasa can, da aljihu a ciki, ɗanta na leƙowa. Na sa ta maimaita min har ta gaji. Abin da ya ɗaure min kai, sai an je wata uwa duniya an kalli dabba, alhali ga kaza a tsakar gidanmu tana tara 'yan tsaki a ƙarƙashin fiffike duk yamma? Iyayenmu ba wawaye ba ne. Sun san sanyi na kisa, shi ya sa suka yaƙe shi da wuta. Wuta a ƙarƙashin gado, wuta a ƙarƙashin tukunya, wuta a kasko. Mun gasa uwa har ta yi ja, sannan muka kai ɗan can gefe muka ajiye a auduga. Me ya hana wata tsohuwa guda ta ce a haɗa su? A ganina tsoro ne, don in ka ga bakwaini sai ka ga kamar taɓawa za ta karya shi. Ina jin kuma kunya ce. Da Yaya na nan da mun yi musun wannan har a kira magariba.

Kuma zan so in ji me za ta ce da matan yanzu da ke ƙwala wa ɗan fari kira a tsakiyar kasuwa, su rungume shi a ɗauki hoto. Na san tsaki za ta fara yi. Ni ma wani lokaci ina yi. Kunyar nan ba banza ba ce, ita ke sa yaro ya zama na gida duka, ba na mace ɗaya ba. Ban ce a zubar da ita ba. Amma na ga wadda ta fi kowa riƙo da ita ta ce a ajiye ta a gefe, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duk wanda aka ɗaura ke tashi ba. Wata maƙwabciyarmu da ta taso daga Kumbashi ta ɗaura nata yadda aka ce, bai yi rai ba. Rai na Allah ne, kuma zani ba ya maye gurbin asibiti. Sai dai ku tsofaffi 'yan uwana, da ku nake. Ɗakin jego namu ne, ba na likita ba. Nas za ta yi bayani har bakinta ya bushe, in aka dawo gida kaka ta ce a'a, magana ta ƙare. To ku riƙa zura hannu kuna taɓa ƙafa kafin ku ce a'a.

Yaya har ta koma ga Allah ba ta daina cewa goyon gaba muni gare shi ba. A ciwonta na ƙarshe muna zaune da hantsi, ni da Hanne, ango yana ta ɓarna a tsakar gida yana bin agwagi. Ta ce, "Hanne, kira min shi." Hanne ta leƙa ta ce, "Kai, wannan yaron, zo." Yaya ta ce, "A'a. Da sunansa. Nawa ko suna bai samu ba, bari in ji naki a bakinki." Hanne ta dube ni, na kau da kai. Ta faɗa a hankali kamar mai satar magana. Yaron ma bai waiwayo ba, don bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

In aka ce me ta bari, ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba, taurin kan ma ni ta bar wa. Ta bar suruki da in an haifi bakwaini a layinsu shi ake turo wa uban yaro ya koya masa ɗaurin zani a zaure. Ta bar 'ya da ta ajiye kunya ta ɗauka, kamar yadda aka ce mata. Duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, Allah ya yafe mata, ya haɗa ta da wancan nata da ba ta samu ta ɗauka ba.

Hanne dai daga ranar ba ta sake faɗin sunan ba, har yau "wannan yaron" ne. Ni kuwa ba ɗan farina ba ne, ba ruwana. Sunansa Idirisu, yana aji biyar, ga ci, ga rashin jin magana.